Manomin da Aka Saya wa Sabon Kwano

Akwai wani mutum, manomi, wanda shi da ƙannensa biyu ba su taɓa raba kwanon tuwo ba tun suna yara. Kowace yamma sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, su yi addu'a, su sa hannu tare.

Ana nan sai ciwon daji ya kama shi a hanji. Likitoci suka yanke wurin da ya lalace, suka buɗe masa 'yar ƙofa a gefen ciki, suka manna mata jaka, domin ta nan bayan gida zai riƙa fita. Wata nas mai suna Keziya ta koya wa matarsa yadda ake sauya jakar, a wanke fatar da ruwan ɗumi, a tsane ta. Matar kuwa ta riƙe aikin hannu bibbiyu.

Ran da ya koma gida, ya zauna a wurinsa na kullum. Suna cikin ci sai iska ta motsa a jakar, ta yi ƙara, abin da ba shi da ikon hanawa. Sai ya ga ƙaramin ƙanensa ya janye hannu ya ce ya ƙoshi, shi da ba ya tashi sai ya suɗe kwano.

Kashegari ƙannen suka sayo masa sabon kwano mai murfi, mai zanen furanni. Babban ƙanen ya ce, "Yaya, zaman tabarma wahala ne gare ka. A riƙa kai maka ɗaki, ka ci a natse."

Ya ce, "Na gode." To, me zai ce? Da zagi ne da ya rama, amma wa yake faɗa da kyauta? Daga ranar, in yamma ta yi, yana ɗaki yana jin hirarsu. Sai ya buɗe murfin, ya dubi tuwon, ya mayar. Baƙin ciki ya cinye shi fiye da yadda ciwon ya ci.

Da Keziya ta zo duba shi, ta tarar da jakar tsaf, fatar lafiya lau, mutumin kuwa ya rame. Ta ce, "Baba, tuwon ne ba daɗi?"

Ya ce, "'Yata, ban iya ci ni kaɗai ba. Ba a koya mini ba."

Sai ta wanke hannu, ta zauna a ƙasa, ta sa hannu a kwanonsa. Ya ci yana hawaye har suka cinye. Da ta fito ta ce wa ƙannen, "Wannan ciwo ba a ɗaukarsa, jakar kuma a rufe take. Ku mayar da shi cikinku."

Suka ce, "To, mun ji. Bari dai ya ƙara samun ƙarfi."

Ƙarfin bai zo ba. Ciwon ya komo, ya kwantar da shi. A lokacin ne kunya ta kama su, suka ɗauko babban kwanon suka shiga ɗakinsa. Ƙaramin ya ce, "Yaya, mun zo mu ci tare."

Amma ya riga ya kai inda ko kunu ba ya wucewa. Ya dube su, ya ce, "Ku ci a nan, ina kallo." Suka ci, ba wanda ya iya ɗaga kai.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Manomin shi ne kowane majinyaci a cikinmu da jikinsa ya zama masa abin kunya ba da laifinsa ba. Sabon kwanon shi ne alherin da muke aikawa don kada mu je da kanmu. Mun iya sayen magani, mun iya addu'a daga bakin ƙofa, amma zama kusa ya gagare mu. Ubangijinmu kuwa ya zauna ya ci abinci da waɗanda mutane suke ƙyama. Wanke jiki wajibi ne, amma mutum ba jiki kaɗai ba ne. In akwai wanda kuka ware a gidanku, kada ku jira ya sami ƙarfi. Ku je yau, tun yana iya haɗiyewa.