Ranar da Ilyas Ya Kashe Na'urar Owendo

Akwai wani saurayi a Libreville, sunansa Ilyas, ɗan Damagaram. Ya karanta kwamfuta, kuma ya iya. Wannan ba a musu.

Alhaji Saliou ya ɗauke shi aikin gwaji a kamfaninsa na fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa. Katin izinin zaman Ilyas a ƙasar ya kusa mutuwa. Ba za a sabunta masa ba sai da kontira, wato takardar ɗaukar aiki, a hannu, kuma Alhaji ya ce sai ya ga kamun ludayinsa zai sa hannu.

Biro, wato ofishinsu, yana unguwar Lalala. Babbar na'urar kamfanin, wadda suke kira sabar, tana Owendo, inda tashar take, a wani ɗaki mai sanyi da ke kulle. Ita ke fitar da takardar da kowace kamiyo, wato babbar motar kaya, ke nunawa a ƙofar tashar. Daga Lalala ake shiga cikinta. Mutum zai buɗe baƙin allo a kwamfutarsa, ya ga gajeren layi yana jiran umarni. Layin nan ne kaɗai ke gaya maka a cikin wace na'ura kake.

Huseina ce ta daɗe tana kula da ita. Haifaffiyar unguwar Akébé ce, ta girmi Ilyas. Ta gyara layin yadda duk wanda ya shiga zai ga OWENDO da manyan jajayen baƙaƙe.

Ilyas ya gani ya yi dariya.

"Madam, wannan ai allon mai gasa kaza ne."

"Bar shi yadda yake," in ji ta.

"A makaranta ba haka muke yi ba. Wanda ya san aiki ba ya bukatar a yi masa ihu."

"Ni ina bukata. Ka bar shi, ƙanena."

Bai bari ba. Ranar da ɗanta ya kwanta ciwo ta ɗauki hutu, ya shiga na'urar ya goge sunan. Ya sa sunansa da wata siririyar kibiya shuɗiya, daidai da na kwamfutarsa. Har hoto ya ɗauka ya tura wa abokansa.

Ranar Juma'a Alhaji ya yi tafiya zuwa garin Port-Gentil. Ilyas ne kaɗai a kan aikin. Da aka kira salla, ya buga umarnin kashe kwamfutarsa, ya miƙe yana neman takalmi.

Ya waiwayo. Kwamfutarsa tana nan a kunne.

Ya tsaya yana kallonta. Sai ya ga rubutu a ƙasa: an yanke sadarwa da Owendo.

Sai ya gane. Tun safe yana cikin na'urar Owendo, ya manta. Ita ya kashe. Ya sake gwada shiga, shiru. Na'urar da aka kashe ba ta jin kira daga nesa. Sai an je an danna ta da yatsa.

Waya ta fara ƙara. Mahamadou ne, shugaban direbobi.

"Kai yaro, takarda ta ƙi fita! Kamiyo shida na kifi a layi. In aka rufe ƙofa da yamma, sai Litinin. Me kuke yi a can, barci?"

"Baba, yanzu zai dawo."

"Yanzun naka ko na Allah?"

Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya yana aljihun Alhaji a Port-Gentil. Ɗaya yana wurin Huseina. Ya kira ta, waya a kashe.

Ya fita a guje. Ruwa ya sauko. Taksi uku suka wuce shi, don ba su yi hanyarsa ba. Da ya isa gidansu a Akébé, mahaifiyarta ta ce suna asibiti tun jiya. Ya juya ya nufi asibitin. Kwalbati ya cika, motoci sun tsaya cik. Ya sauka ya taka da ƙafa, yana addu'a a fili kamar wanda ya zautu. Mahamadou na ta kira, ya kasa ɗauka.

Ya same ta a bakin gado, an sa wa yaron ƙarin ruwa. Ilyas ya durƙusa a ƙasa, rigarsa na ɗiga.

"Yaya, na kashe Owendo."

Ta dube shi.

"Yau na zama Yaya?"

"Don Allah. In Alhaji bai sa hannu ba, kama ni za a yi a hanya. Ba ni da inda zan koma da wannan kunyar."

"Ta yaya ka kashe ta, sunan na gabanka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na goge shi."

Ta zazzage jakarta a kan gado, ta tsinci makullin cikin magunguna, ta miƙa masa.

"Maɓallin yana hagu, ƙasa. Ka danna sau ɗaya, kada ka yi wayo. Tashi, ka gudu."

Ya gudu. Hanyar Owendo ta cushe da motocin katako. Ya roƙi wani mai babur da bai sani ba, mutumin ya ga fuskarsa ya ɗauke shi. Ya buɗe ɗakin, ya danna. Fitilu suka kama. Takardu suka fara fita.

Kamiyo ɗaya ce ta samu wucewa. Sauran biyar aka rufe ƙofa a gabansu. Mai kifin ya kira Alhaji a take, ya ce daga yau ya canza kamfani.

Litinin Alhaji ya dawo. Bai yi faɗa ba. Ya saurari Ilyas har ƙarshe. Huseina ta baro asibiti musamman, ta roƙa masa.

"Alhaji, kowa na kuskure. Ni ma zan iya yin irinsa."

"Shi ya sa kika rubuta sunan," in ji Alhaji. "Kuskuren hannu ina yafewa. Wannan an ce masa ya bari."

Ya mayar da kontirar cikin durowa, ya rufe.

Ilyas ya fito bakin titi. Taksi na ta tsayawa, ya rasa unguwar da zai ambata. Waya ta yi ƙara, mahaifiyarsa ce daga Damagaram.

"Ilyasu, an sa hannun?"

Ya waiwaya ya kalli ƙofar ofishin.

"Ilyasu? Kana jina?"

"Ina ji, Inna."

Darasi: In ka tarar da abu a wurin aiki bai yi maka kyau ba, ka tambayi dalilinsa kafin ka taɓa. Wanda ya riga ka ya san abin da yake tsoro. Ku tura wa yaranku masu aikin kwamfuta, musamman wanda ya fi ganin ya iya.