Kukun Da Ya Yi Gasa Da Tsinken Gwaji

Akwai wani kuku a wata makaranta da ake yi wa laƙabi da Mai Harshe. Shekara ashirin da shida yana girki. Da ya ɗanɗana miya zai lissafa maka duk abin da aka zuba a ciki.

Sai aka kawo wata ɗaliba da jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa. Ko ƙanƙanin ɓurɓushi ta ci, maƙogwaronta zai kumbura, numfashi ya gagara. Kullum daga gida take zuwa da abincinta, ta koma gefe ta ci ita kaɗai.

Ana gobe walimar ajinsu, nas ɗin makarantar ta shigo kicin da kwalin tsinken gwaji mai gano gyaɗa a cikin abinci.

"Baba, bari mu gwada kayan kek ɗin nan, ko yarinyar za ta samu ta ci."

Mai Harshe ya tuntsire da dariya. "Ɗiyata, ƙwai ne zai koya wa kaza wayo? Ni da tsinkenki, a fafata!"

Nan take masu wanke-wanke suka watsar da soso, suka kewaye teburi ana shewa.

Ya lasa fulawa. "Babu!" Tsinke ya gaskata shi. Kicin ya ɗauki tafi.

Ya lasa man shanu. "Babu!" Nan ma ya ci.

Ya lasa garin cakulan, ya bugi ƙirji. "In akwai gyaɗa a nan, na ajiye ludayi!"

Nas ta dama garin, ta tsoma tsinke. Kowa ya zuba ido. A hankali jan layi ya bayyana, alamar akwai gyaɗa.

Aka kira masu kawo kayan. Ashe injin da ke niƙa garin shi ke niƙa gyaɗa.

Mai Harshe ya tuna cewa da hannunsa ya so miƙa wa yarinyar kek ɗin.

"Ɗiyata," ya ce, "na sha ƙasa. Koya mini abin nan."

Ya sake gari, ya wanke kwanuka sau uku, ya gwada komai da kansa.

Washegari yarinyar ta zauna tsakiyar ƙawayenta. Ta dubi mahaifiyarta da ta zo walimar, uwar ta gyaɗa kai. Ta gutsuri kek ɗin, ta haɗiye, sai ta daka tsalle: "Mama, a ƙaro mini!"

Darasi: Komai ƙwarewarka, akwai abin da ya shige maka duhu. Kada girman kai ya sa ka yi caca da ran ɗan wani. Ku tura wa duk mai dafa wa mutane abinci.