Amana Biyu a Hannun 'Yar Tambaya

Akwai wata ɗaliba da 'yan gidansu ke kira 'Yar Tambaya, don tun tana ƙarama ba ta barin magana ta wuce sai ta ji tushenta. Da ta girma sai halin ya zama mata sana'a. Tana karatun digiri na biyu a jami'a, bincikenta kuwa a kan auren da ya haɗa mutum biyu masu yare daban-daban ne: wane yare ake yi a gidan, wanne yara ke tashi da shi, wanne ne kuma ke mutuwa a hankali ba wanda ya lura.

Aikin ya gasa mata gyaɗa a hannu. Ta shiga gidaje har takalminta ya cinye. Duk inda ta zaunar da miji da mata ta kunna rikoda, amsar ɗaya ce: lafiya lau ake zaune, ba wata matsala, sai godiya. Farfesa, matar da ke duba aikinta, ta dawo mata da babin cike da jan biro.

"Wannan ba bincike ba ne, gaisuwa kika tattaro mini," in ji ta. Ta ce ta daina haɗa su wuri ɗaya. Ta ji kowa shi kaɗai, ta yi masa alkawarin abin da ya faɗa ba zai isa kunnen ɗayan ba.

Da wannan dabara ce ta dace da gidan Mai Rediyo.

Mai Rediyo dattijo ne mai gyaran rediyo, shagonsa na manne da bangon bayan gidansa. Matarsa daga wata al'umma mai nisa ya auro ta. 'Ya'yanta har sun fara aure, amma dangin miji ba su daina kiranta Baƙuwa ba, sunan kuma ya bi ta har a bakin maƙwabta.

Baƙuwa ta karɓe ta a tsakar gida, kusa da famfo, tana sauya ruwan wanki. Da farko ita ma gaisuwar ta yi ta jerowa. Sai da 'Yar Tambaya ta tambaye ta da wane yare take yi wa jarirai waƙa, sannan hannunta ya tsaya a cikin kumfa.

Ta ba da labarin haihuwarta ta fari. Tana rarrashin jaririn da yaren uwarta, ƙannen miji suka zagaye ta suna kwaikwayonta suna dariya. Mijin, lokacin yana saurayi mai jin kunyar 'yan'uwansa, ya ce a gabansu kada ya sake jin wannan yaren a gidansa. Ba ta sake ba. 'Ya'yanta suka tashi ba su iya gaida kakarsu ba, har tsohuwar ta rasu. Yanzu ba ta yin yaren sai in ya tafi shago, ta buɗe famfo ya yi ta zuba a bokiti, ta rera waƙoƙin uwarta a ƙarƙashin ƙarar ruwa.

"Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba," in ji Baƙuwa. "Na yafe masa komai. Wannan ɗin ne dai na neme shi a zuciyata, ban samu yafiyar ba."

Bayan 'yan kwanaki 'Yar Tambaya ta je shagon. Ta tarar da Mai Rediyo cikin wayoyi da ƙananan kusoshi, tabarau a kan karan hanci. Sai da ya sa ta maimaita alkawarin sirrin, sannan ya nuna mata bangon da ke bayansa. Ya ce siriri ne. Duk waƙar da matarsa ke yi yana ji. Da ta buɗe famfo yake kashe duk rediyon da ke shagon. Ya jawo wata tsohuwar rediyo daga ƙarƙashin tebur, ya ce akwai tashar da ke shiri da yaren matarsa, kullum yana kamawa. In wani ya shigo sai ya ce gwaji yake yi. A haka ya tsinci kalmomi masu dama. Maganar nan da ya yi yana saurayi, ya ce, da a ce waya ce da tuni ya cire ta ya sa sabuwa.

"To me ya hana ka gaya mata, Baba?"

"Da wane bakin? Ni da furfura? Kada ki kuskura ta ji."

'Yar Tambaya ta koma gida. Ta rubuta babin da hirar Baƙuwa a tsakiyarsa, ta sauya sunaye, ta mai da mai gyaran rediyo mai gyaran agogo. Ta Mai Rediyo kuwa ta ajiye ta gefe, don in ta jera su tare kowa zai gane kansa. A karon farko Farfesa ta karanta ba ta taɓa jan biro ba. Ta ce a shirya, za ta kare kundinta bana tare da 'yan ajinsu.

Saura abu ɗaya da ƙa'idar aikin ta tanada: a koma a karanta wa mai magana abin da aka rubuta a kansa, kuma yana da ikon ya janye maganarsa kafin a miƙa kundi.

Baƙuwa ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta tambaya a ina ake ajiye irin wannan littafin. Da ta ji a ɗakin karatu na jami'a ne, sai fuskarta ta sauya. Ƙanwar mijinta, wadda ta fi kowa iya kwaikwayonta a wancan lokacin, a can take aiki.

"'Yata, suna kika canja mini, ba ki canja mini rayuwa ba. Mace nawa ce a unguwar nan mai wannan yaren? Ranar da ta karanta, ranar zai ji cewa ban yafe masa ba. Ba zan so ya ji a bakin wani ba. Ki cire ni."

'Yar Tambaya ta yi lallashi. Ta ce za ta cire famfon, ta cire kakar, ta cire yawan 'ya'yan. Baƙuwa ta ce in aka cire duk wannan, me ya rage? Gaskiyarta kuwa, ba abin da ya rage.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, amsar tana bakinta. Jimla ɗaya za ta faɗa: mijinki ya sani, yana sauraronki ta bango, ya fi ki nadama. Da tsoron Baƙuwa ya gushe, da babin ya tsira. Ta buɗe baki, ta tuna dattijon da tabarau a karan hanci yana sa ta maimaita alkawari, ta rufe.

A gida Yayarta ta same ta ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta gaya mata ko su wane ne ba, ta ce dai mutum biyu ne kowa ya ba ta rabin magana ya ce ta riƙe. Yaya ta tafa hannu.

"Ke dai an yi wahalalliya. Mata da miji ne fa, ba maƙiya ba. Ki je ki raɗa mata, ki shirya aure ki samu lada, ki karɓi takardarki. Shekara nawa kina bin gidajen mutane da rikoda kamar mai tallan turare?"

'Yar Tambaya ta ce sirrin ba nata ba ne da za ta bayar. Yaya ta ce to ta dafa amanar ta ci, tunda ita ce za ta ba ta aiki.

Hanya ɗaya ta rage mata mai tsafta. Ta koma shago ta roƙi Mai Rediyo ya ba ta izini ta gaya wa matarsa abin da ya ce. Ba ta iya gaya masa dalili ba, don dalilin sirrin matar ne. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ashe 'yan boko ma haka suke, yau alkawari gobe roƙo. Ya ƙi. Ta sake roƙo, ya ɗauki sukurdireba ya juya mata baya.

Haushi ya kawo mata iya wuya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta juyo.

"Na ji, Baba. Daga bakina ba za ta ji ba har abada. Amma ka gyara rediyon unguwar nan kaf suna magana. Kai kaɗai ne ka ƙi gyaruwa."

Ta tafi tana cizon yatsa, don ba a yi mata tarbiyyar gaya wa babba magana ba.

Washegari ta je gaban Baƙuwa ta goge hirar daga rikoda, ta nuna mata ta gani da idonta. Sannan ta wuce ofishin Farfesa ta gaya mata ta cire babin. Farfesa ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ta yi daidai, kuma daidai ɗin nan zai ci mata shekara guda, don babu babin babu kundi.

Haka kuwa aka yi. Ranar da 'yan ajinsu suka kare nasu, 'Yar Tambaya na tsaye a baranda tana jin tafi daga cikin zauren. Ta riƙe wa ƙawarta jaka aka ɗauke su hoto. Wani aikin koyarwa da take sa rai ya wuce ta, don takardar ake nema. Ta koma bin gidaje, ana ta jero mata lafiya lau. In ta bi ta layin Mai Rediyo sai ta tsallaka ɗaya gefen titi. Yaya kuwa ta samu abin tsokana, da ta shigo sai ta ce ga Hajiya Amana nan ta dawo daga yawon gaisuwa.

Watanni suka shuɗe. Wata ranar Asabar da hantsi tana shanya a tsakar gida, Yaya ta leƙo ta ce tana da baƙi, wani dattijo da matarsa.

Mai Rediyo ne ya fara shigowa, ya sha sabuwar hula. Baƙuwa na biye da shi tana gyara mayafi. Bayan an gaisa, dattijon ya yi gyaran murya, ya dubi matarsa, ya faɗi wata doguwar jimla da yarenta. Baƙuwa ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya har da hawaye. Ta ce wai yana nufin ya ce sun zo da alheri, amma yadda ya lanƙwasa harshen ko jariri ya fi shi.

Ita ce ta ba da labarin. Ta ce bayan 'Yar Tambaya ta goge hirar, ta yi kwanaki ba ta iya waƙa ba, don jikinta ya yi sanyi. Shi kuma a shago ya ji shiru ya yi yawa, ga maganar da wata yarinya marar kunya ta gaya masa ta hana shi sakat. Rannan ta daure ta buɗe famfo ta fara rerawa. Tana kai tsakiyar waƙa sai ta ji an amsa mata ta bayan bango, da wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa. Bokitin ya cika ya yi ta ambaliya ba ta sani ba.

Daga baya suka zauna, kowa ya fito da abin da ya gaya wa ɗalibar. A nan suka gane cewa ta san duka biyun tun farko, kuma ta bar shekararta ta tafi ba ta saki ko ɗaya ba.

"Da kin gaya mini, da na ji daɗi na kwana biyu," in ji Baƙuwa, "sannan in ce ai ba shi ya faɗa ba, aike ya yi. Wannan kuwa daga bakinsa na ji, duk da muryar ba daɗi."

Mai Rediyo ya ce a bar batun muryarsa haka nan. Ya tambayi 'Yar Tambaya ko rikodar tata na aiki, in ba ta yi ya gyara mata kyauta. Sun zo ne a ɗauke su tare, a rubuta yadda abin ya faru, ƙanwarsa ma in ta ga dama ta fara karantawa. Baƙuwa ta ƙara da cewa akwai mata irinta da ta sani a wasu unguwanni, waɗanda suka sha yi wa 'Yar Tambaya lafiya lau. Ta gaya musu wannan yarinyar in ka ba ta magana, ko wuƙa aka sa mata ba ta saki. Suna jiranta.

'Yar Tambaya ta shiga ɗaki ɗauko rikoda. Garin sauri batirin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Yaya ce ta durƙusa ta zaro mata shi.

Shekara ta zagayo ta kare kundinta. Aikin koyarwar nan dai ya tafi, bai dawo ba. Amma a layin baya na zauren akwai wani dattijo mai sabuwar hula da matarsa, yana raɗa mata magana a kunne da yarenta, tana gyara masa.

Darasi: Sirrin da aka ba ka ba naka ba ne, ko da kana ganin faɗinsa zai gyara komai, kai ma ya fisshe ka. Akwai maganar da ba ta warkarwa sai ta fito daga bakin mai ita. Riƙon amana kan ci lokaci, ya ci dama, amma shi ne ke sa a buɗe maka ƙofar da wayo ba ya buɗewa. Kai kuma da ke zaune a bayan bango da maganar da ta kamata ka faɗa, tashi ka faɗa tun mai jin ta yana nan. Ku tura wa ɗalibai masu bincike, da duk wanda mutane ke ba shi maganar cikinsu.