Mai Fara Magana a Masaƙar Sarki

An yi wani sarki mai son bin diddigin al'amura, yana da babbar masaƙa wadda fatake suka soma ƙaurace wa, domin zanen bara shi ne na bana. Wazirinsa Zubairu ya ba da shawara a buɗe ƙofar aiki ga kowace al'umma, aka ɗauki Nufawa da Yarbawa da Barebari. Damina ta tafi, wata ta zo, tufa tana nan jiya i yau. Sarki ya kira shi ya ce: "Waziri, hannaye sun bambanta, amma saƙa ba ta bambanta ba. Ka gano mini illar kafin kaka, in ba haka ba baƙin nan su koma garuruwansu, kai kuma ka ajiye rawani."

Waziri ya fito yana tsoron kunya, ga kuma mamakin al'amarin yana cin sa. Ya duba zare, ya duba baban rini, bai ga aibi ba. Sai ya zauna a taron safiya, inda bisa al'ada Sarkin Masaƙa Tanimu, dattijo mai mutunci, yake fara faɗin launi da zanen da za a saƙa, sa'an nan ya tambaya ko da mai ra'ayi. To, wa zai musa wa mai furfura a bainar jama'a? Kowa sai "haka ne, Baba". Waziri ya hangi wani Banufe, Ndagi, ya buɗe baki ya rufe. Da ya keɓe da shi, Ndagi ya ce akwai saƙar garinsu da yake marmarin gwadawa, amma baƙo ba ya gyara maganar mai gida. Shi kuwa Tanimu, bawan Allah, ya rantse bai taɓa hana kowa magana ba, shirun nasu ma ya daɗe yana damunsa.

Waziri ya koma ya faɗi gaban sarki ya ce: "Allah ya ba ka nasara, mun ɗauki hannayensu, mun bar hankulansu a zaure. Ba wanda ya yi zalunci, ladabi ne ya ɗaure harsuna. Ina roƙon a kafa ƙa'ida: sabon zuwa ya fara magana, babba ya rufe, domin wanda ya riga babba faɗi bai musa masa ba."

Sarki ya tuna shi ma a majalisarsa shi ke farawa, kuma bai taɓa jin an saɓa masa ba. Ya zartar da ƙa'idar a masaƙa da fada baki ɗaya, ya tabbatar da baƙi a kan aikinsu, ya yafa wa Waziri alkyabba.

Masu hikima sun ce adalcin shugaba ba ya cika da buɗe ƙofa, sai ya jinkirta harshensa har na ƙasa ya faɗi nasa.