Ranar da Kura Ta Buga Gangar Doka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Zaki ne ya kafa doka, ya ce kar wanda ya ƙara cin wani a bakin rafi. To amma a dawa doka ba ta fara aiki sai an buga gangar shela kowa ya ji. Da Kura ta ji haka sai ta sace gangar, ta kai bakin rafi ta zauna a kai.

Can sai ga Gada, sarkin tsoro, ta kawo ɗanta shan ruwa. Kura ta yi caraf ta cafke shi.

Gada ta ce, "Ranki ya daɗe, doka fa?"

Kura ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke 'yar nan, kin ji an buga ganga?"

"Ban ji ba, Yaya Kura. Sai dai yaron nan namansa tauri gare shi, a bar shi ya taka rawa ya yi laushi."

Yawu ya tsinke wa Kura. "Kai, yi rawa!"

"Ai ba ya rawa sai da kiɗa."

Kura ta jawo ganga daga ƙarƙashinta, ta ɗirka mata duka. Dum! Dum! Dawa duk ta amsa.

Gada ta ɗaga murya, karon farko a rayuwarta: "Jama'a, doka ta fara aiki!"

Giwaye, dogaran Zaki, suka iso, suka tarar da Kura, ganga a hannu ɗaya, ɗan Gada a ɗaya. A kanta aka fara hukunci. Gada da ɗanta suka sha ruwa har suka ƙoshi.

Ƙurunƙus! Kan Kura ya sha sanda, nawa yana nan lafiya lau.