Tokar da Ta Sauka a Rufin Kowia

Akwai wani mutum a ƙauyenmu da ke gabashin tsibirin Tanna, sunansa Kowia. Shekara bakwai ya yi yana tsinkar inabi a gonakin Ostareliya. Ya dawo da takalma masu kyau, da waya mai tsada, da girman kan da ban san yadda jirgi ya iya ɗauko shi ba.

Da kakansa ya rasu, riƙon Tsohon Gida ya faɗo hannunsa. Gidan nan kakanninmu ne suka gina wa malamin mishan na farko, sama da shekara ɗari da suka wuce. A ka suka ɗauko duwatsun murjani daga bakin teku, suka ƙona su suka yi farar ƙasa, suka tayar da bango. A cikinsa aka fara koyar da karatu, a cikinsa aka haifi rabin tsofaffinmu. Gidan na kowa ne, amanarsa kawai aka ba dangin Kowia.

Kowia ya mayar da shi masaukin baƙi, kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Ya gyara ɗakuna huɗu, ya bar tsofaffin gadajen katako yadda suke, ya watsa hotuna a intanet. Baƙi suka riƙa zuwa don su kwana a gidan tarihi, su farka su ga dutsenmu mai aman wuta yana fitar da hayaƙi ta taga.

Sai ya ƙara abu ɗaya. Ya kafa wata ƙatuwar rumfar kwano a gaban gidan, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, inda baƙi za su sha shayi suna kallon dutsen. Ginshiƙi biyu kacal ya sa daga gaba, don kada su tare kallo. Daga baya kuwa ya huda tsohon bangon wuri shida, ya cusa kawunan katakan rumfar a ciki.

Ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Nalau, ya zo ya daɗe yana duban aikin.

"Ɗana, rufin nan naka ba shi da gangare."

"Haka ake yi yanzu, Kawu."

"A ina ake yi?"

"Ko'ina mana."

"Ko'ina akwai wancan?" Tsohon ya nuna dutsen da leɓe.

Kowia ya yi dariya. "Haba Kawu, toka ce fa. Ruwan sama ɗaya ya wanke ta."

"Busasshiyar toka gari ce," in ji Nalau. "In ta sha ruwa, siminti ce. Uwarka ta san wannan tun ba ta iya ɗaura zane ba."

Mu a nan, idan iska ta juya ta kawo toka, ana busa ƙahon da aka yi da ƙaton kodin teku, kowa ya fito da tsani da doguwar tsintsiya. Gida-gida ake bi: na matan da mazansu suka rasu tukuna, da na tsofaffi, sannan na saura. Ba a tsallake layi. Wanda kuma bai hau rufin wani ba, ba a hawa nasa.

Sau uku aka busa ƙaho bayan dawowar Kowia, sau uku yana aiko da cewa yana da baƙi. A na ukun har ya ƙara da roƙon a daina busa kusa da gidansa, wai ana firgita masa mutane. Tsanukan gora da tsintsiyoyin da kakansa ke jinginawa a gindin bango kuwa, ya ce suna ɓata masa hoto, ya cinna musu wuta. Ni kaina na ga hayaƙin.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, duk sau ukun nan tokar ba ta da yawa, iska ce ta kwashe ta. Sai ya ɗauka ya fi mu sanin dutsen da muka tsufa a gindinsa.

Ana nan, wata Litinin iska ta juya. Toka ta wuni tana zuba, ta kwana, ta sake wuni. Ranar Laraba da safe ganyen gwaza duk ya kwanta, kaji sun ƙi fitowa, rana ta yi dishi-dishi kamar tsohon faranti. Tun da farar safiya aka busa ƙaho. Kowia ya ji sarai, ya ci gaba da zuba wa baƙinsa shida shayi a ƙarƙashin rumfa.

Matarsa Selin ce ta fara lura. Ta ja shi gefe, ta nuna masa kofin wata baƙuwa. Wani farin gari ne ke sauka a cikin shayin, kaɗan-kaɗan.

"Maigida, wannan ba toka ba ce. Toka baƙa ce."

Ya ɗaga kai. Inda katako na uku ya shiga bango, wata siririyar tsaga ta fito, tana gangarowa wajen taga. Farar ƙasar kakanninmu ce ke zubowa.

Ya fita fili ya dubi sama. Rufin Tsohon Gida mai gangare ne, ya zubar da tasa tokar gaba ɗaya a kan rumfar, kaya ya zama biyu. Can ta wajen teku kuma hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, yana tahowa.

"Kwashe baƙin nan ki kai coci," ya ce wa Selin. "Yanzu."

Ya mirgino ganga ya hau da tsintsiyar kicin. Ya yi ta fama har gumi ya jiƙa masa riga, bai gama share fallen kwano ɗaya ba, ga falle arba'in. Rumfar ta yi wata ƙara a hankali, irin ta tsohuwar ƙofa. In ta faɗi, da bangon za ta tafi. Ya san haka kamar yadda ya san sunansa.

Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ya yar da tsintsiyar ya zuba da gudu.

Ya tarar da jama'a a gidan Iya Nauka, tsohuwar da mijinta ya rasu shekaru da dama. Maza na kan jinka suna turo toka, mata na kwashewa a buhu, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle. Wani abokin wasansa na ƙuruciya, Yauko, ya hango shi daga sama.

"A'a, jama'a ku ba da hanya, ga Manaja. Yau baƙi sun ba ka hutu ke nan?"

"A yi a hankali da tsintsiya," wata ta ce, "kada mu ɓata masa hoto."

Kowia ya ratsa ta cikinsu. Ya wuce wurin Nalau, wanda ke riƙe da tsani, ya durƙusa.

"Kawu, bangon ya tsage."

Dariya ta ɗauke. Kowa a wurin yana da wani nasa da aka haifa a bayan bangon nan.

"Wa ke ciki?" Nalau ya tambaya.

"Babu kowa. Selin ta fitar da su."

"Nan kuwa Nauka tana ciki, ƙafarta ba ta taka ƙasa. Bayan ita saura gidajen tsofaffi uku, duk da mutane a ciki."

"Kawu, ruwa zai sauko."

"A kansu ma zai sauka."

"Ku taimake ni, don Allah. Ba don ni ba, don gidan."

Tsohon ya dube shi, idonsa ya yi ja, ko don toka ko don wani abu. "Gidan ya fi yi mini ciwo fiye da kai, a ɗakin baya aka yanke mini cibiya. Amma ba ka cikin layi, ɗana. Kai ka cire kanka." Ya miƙo masa doguwar tsintsiya. "In ka hau, ka shiga. Hannu ya ƙaru, mu isa wurinka da wuri."

Kowia ya tuɓe takalmansa masu kyau, ya hau.

Ban taɓa ganin mutum ya yi shara irin ta ranar ba. Daga kan jinkar yana hango Tsohon Gida a tsallaken fili, yana hango hadarin, ga shi yana share rufin wata. Toka ta cika masa ido da baki, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Suka gama da Iya Nauka, suka wuce na biyu. Ba mai tsokanarsa kuma.

A gida na uku ɗigon farko ya faɗo masa a wuya. Ya tsaya cak, ya dubi tsani. Yauko ya gan shi. A ƙasa, tsohon mai gidan yana zaune a bakin ƙofa da jikarsa a cinya, yana duban sama. Kowia ya ci gaba da shara.

Suna kan na huɗu ruwa ya kece. Da suka ture tokar ƙarshe, Nalau ya ɗaga hannu kawai, mutum talatin suka nufi Tsohon Gida da gudu, da tsanuka a kafaɗa.

Sun makara. Tokar ta sha ruwa, tsakiyar rumfar ya lotsa kamar cikin kwale-kwale. Tsagar bangon ta buɗe har hannu zai shiga.

"Ba wanda zai hau wannan," in ji Nalau. "Kowia, zaɓi ɗaya. Ko rumfar, ko gidan."

Rumfar nan ita ce gumin shekara bakwai, ita ce hoton da ke kawo baƙi. Kowia ya dube ta sau ɗaya.

"A ba ni zarto."

Aka tokare katakan da gora daga ƙasa, aka ɗaura wa kowace gora igiya. Kowia ya hau tsohon rufin ta baya, ya kwanta rub-da-ciki a bakinsa, da igiya a ƙugu. Yauko ne ya riƙe ɗaya bakin igiyar daga tsororuwa.

"Kada ka sake ni," Kowia ya ce.

"In na sake ka wa zan riƙa tsokana? Yanka, Manaja."

Ya yanke na farko. Ya ja jiki ya yanke na biyu. Ruwa na dukan bayansa, zarton na zamewa a hannunsa mai jini. A na huɗu wata gora ta fashe, rumfar ta nisa, guntun bango ya ɓalle ya faɗi. Wata mata ta rufe ido. Nalau bai ɗaga murya ba.

"Ci gaba, ɗana. Saura biyu."

Da na shida ya rabu, tsohon ya ce a ja. Aka fizge gorar gaba ɗaya. Rumfar ta kife da ƙarar da sai da aka ji ta a coci, ta haɗa da tebura da kujeru da kofunan shayi.

Kowa ya juya ya dubi bangon. Yana tsaye.

Kowia ya sauko. Ya kifa goshinsa a kan farar ƙasar nan, ya yi kuka kamar yaro, ba wanda ya ga laifinsa. Nalau ya dafa kafaɗarsa, sannan ya juya ga jama'a ya ce akwai sauran gidaje biyu a gangare. Kowia ya share fuska, ya ɗauki tsintsiyarsa ya bi su.

An liƙe tsagar da farar ƙasa, yadda kakanni suka yi. Baƙi suna nan suna zuwa, a kan tabarma suke shan shayinsu yanzu. Amma guntayen katakan nan shida Kowia ya hana a cire su daga bango. A jikinsu yake rataye tsintsiyoyi da tsani, daidai inda kowa ke ɗaukar hoto. In baƙo ya tambaye shi ko su ma kayan tarihi ne, sai ya ce, "Su ne suka fi komai tsada a gidan nan."

Darasi: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk abin da ka samo a waje, kada ya sa ka cire kanka daga layin mutanenka, domin ranar da naka rufin zai yi nauyi, waɗanda ka raina ne za su riƙe maka igiya. Ka tura wa wani labarin nan, wataƙila akwai wanda aka busa wa ƙaho yau yana cewa yana da baƙi.