Iya Ciwake da Kadan Ambaliya

"Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani manomi ne ana ce masa Shekarau, gidansa yana bakin gulbi. Yana da mata, Kuluwa, da 'ya'ya uku: Nomau ne babba, sai Dela, sai auta Kyauta. Wata damina kurkunu ya kama Shekarau a ƙafa, ya kwantar da shi, ko bakin ƙofa zai je sai da jan gindi. Sai Kuluwa ta ce, "Maigida, bari in haye gulbi in karɓo maka magani wurin kawuna."

Ba ta daɗe da hayewa ba sai sama ta ɓalle da ruwa. Aka yi ta ruwa, aka yi ta ruwa, har gulbi ya tumbatsa ya shigo gari. Ya kwashe danga, ya malale tsakar gida. Ɗaki ɗaya ne ya tsira, don a kan tudu yake.

Suna ciki sai ga maƙwabciyarsu, wata tsohuwa, Iya Ciwake, tana dogara sanda, ruwa iya gwiwa. Ta ce, "Ɗan nan, bukkata ta faɗi."

Shekarau ya ce, "Shigo, Iya. Abin da muka ci shi za ki ci."

Ashe ruwan nan da baƙo ya zo. Wani ƙaton kada ne, ya kwanta a gindin tudun, idanunsa kawai ake gani. Ƙofar ɗakin ta yi masa ƙanƙanta, saboda haka ya zauna jiran wanda zai fito.

To, yaro ba ya son zama wuri ɗaya. Yara suka fara mutsu-mutsu, wannan ya mintsini wancan, waccan ta fashe da kuka. Shekarau ya yi tsawa, ya yi lallashi, duk a banza. Shi dai noma ya sani, bai taɓa zama ya yi wasa da yaro ba. Ga shi ya san in ɗayansu ya zabura, ba shi da ƙafar da zai kamo shi.

Sai kada ya ɗago baya, ya tausasa murya ya ce, "Yara, ku fito ku hau. Ni kwalekwale ne, yawo zan kai ku."

Sai Nomau ya miƙe.

Sai Iya Ciwake ta ce, "Angona, kwalekwale kake so? Zaro mini kara ɗaya daga gadon nan."

Ya zaro. Ta ɓare bayansa da haƙoranta biyu da suka rage, ta gutsuttsura totuwar, ta soka nan, ta lanƙwasa can, sai ga ɗan kwalekwale har da matuƙi. Ta yi wa kowa nasa. Aka tari ruwan indararo a babban akushi, aka ɗora su, kowa yana hura nasa don ya riga isa ɗaya gefen. Daga nan suka koma ƙera shanu da jakuna. Kada ya yi ta kira har ya gaji, ba wanda ya waiwaya.

Washegari kada ya koro 'yan kifaye bakin tudu, suna tsalle suna walƙiya. Ya ce, "Yara, ku fito ku kama. Wanda ya kama, nasa ne."

Sai Dela ta miƙe.

Sai Iya Ciwake ta ce, "Kishiyata, in kin iya kamu, zo ki nuna mini a nan."

Ta kwance bakin zaninta, sai ga 'ya'yan tsamiya. Ta zube su a ƙasa, ta cilla ɗaya sama, ta kwashi biyu, ta cafe na saman kafin ya faɗo. Dela ta zauna aka shiga carabke. Can Iya ta ce, "Ɗan nan, kai ma matso."

Shekarau ya ce, "Ni kuma, Iya? Da gemuna?"

"Da gemunka."

Ya matso, ya cilla, ƙwallon ya faɗo masa a goshi. Yara suka yi ta birgima don dariya. Shi ma ya ji kansa yana dariya, abin da ya daɗe bai yi ba.

Yunwa ta ci kada, sai ya sake dabara. Da gari ya waye ya matso daf da ƙofa, ya shiga kaɗa ruwa da jela, tam, tam, tatam, yana waƙa:

"Mai 'yar ƙafa, taka rawa,
Taka a ruwa, ba ƙaya."

Auta Kyauta kuwa ko faɗuwar ludayi ta ji sai ta taka. Sai ta miƙe tana rausaya, ta nufi ƙofa. Iya ta laluba zani, ba abin da ya rage. Nomau da Dela suna can ƙuryar ɗaki. Ƙafar Kyauta ɗaya ta riga ta haye dokin ƙofa.

Shekarau ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya tuna tsawa ba ta taɓa tsayar da ita ba. Sai ya fizgo 'yar ƙwarya, ya kife ta a ruwan akushi, ya ɗauki ludayi ya buga. Dum, dum, dudum. Kiɗan ya cika ɗaki, ya danne na kada. Kyauta ta juyo tana rawa, ta dawo wurin ubanta. A bayanta haƙoran kada suka haɗu, iska kawai suka kama.

Shekarau bai daina bugawa ba, hawaye na zuba. Iya ta kama tafi. Nomau ya ɗauki murfin tukunya, Dela ta zuba 'ya'yan tsamiya a buta tana girgizawa.

A can cikin ruwa kuwa, masunta ne a jirgi suna neman waɗanda suka tsira, Kuluwa tana zaune a tsakiyarsu. Har sun ce ba sauran mai rai a wannan gefen, za su juya, sai ta ce, "Ku tsaya. Kiɗa nake ji." Suka bi sautin har ƙofar ɗaki. Da kada ya hangi masunta kowa da mashi a hannu, sai ya nutse, ba a sake ganinsa ba.

Kuluwa ta faɗa ɗaki ta rungume 'ya'yanta. Shekarau ya jawo jiki gaban tsohuwa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, da ba ki shigo ɗakin nan ba, da yau ba ni da kowa. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki gama lafiya."

Ta ce, "Amin. Amma na ƙarshen ai kai ka yi, ban koya maka ba."

Masunta suka ce a fito a shiga jirgi. Sai Kyauta ta maƙale kafaɗa ta ce ba inda za ta, sai Baba ya ƙara mata kiɗa ɗaya. Haka manya suka tsaya riƙe da jirgi, har ta gama rawarta.

Ƙurunƙus kan kusu, ta tafi ta bar mu da darasi. Abin da tsawa ba ta riƙe ba, wasa yana riƙe shi, kuma ba sai an je kasuwa ake samo abin faranta wa yaro rai ba. Ku yi wa tsofaffinku addu'a, ku je ku kwanta.